Tafiyar ƙafa mai nisa a ƙasar da ƙanƙara ta sassaƙa

Tambaya: Na saba tafiyar ƙafa ta yini ɗaya ko biyu, ina cin kilomita 25 a rana ba tare da na jigata ba. Yanzu ina son in yi ta mako ɗaya ko biyu a irin ƙasashen nan da aka ce ƙanƙarar zamanin da ce ta sassaƙa su. Akwai abin da ya bambanta su da sauran wurare, ko kuwa duk tafiya tafiya ce? Wace hanya zan fara da ita, me kuma zan shirya?

Amsa: Malam, sannu da himma. Bari in fara da kilomita 25 ɗin nan da ka ambata, domin a nan ne yawancin masu niyya irin taka suke tuntuɓe. Wannan lissafi ne na ƙasa mai daɗin taku. A inda ƙanƙara ta yi aiki, akwai ranar da za ka ci kilomita 30 kana nishaɗi, akwai kuma ranar da kilomita 9 za su cinye maka yini sukutum. Na daɗe ina nazarin siffar ƙasa, ina kuma bin waɗannan hanyoyi da ƙafata, kuma abin da na tabbatar shi ne ƙanƙarar ta tafi tuntuni, amma har gobe ita ke yanke inda za ka hau, inda za ka jiƙe, inda za ka sami ruwan sha da inda za ka kafa tanti. Wanda ya gane yadda ta yi aikinta yakan san abin da ke gabansa tun bai isa ba.

Kogin ƙanƙara ba wani abu ba ne illa dusar ƙanƙara da ta zuba ba ta narke ba, ta bana ta hau kan ta bara, ta bara tana kan ta bara waccan, nauyi yana dannewa har ta dunƙule ta yi tauri. Idan kaurinta ya kai mita 50 ko kusa da haka, nauyin kanta sai ya sa ta fara malala a hankali kamar kwaltar da ta sha rana. Kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, irin wannan ƙanƙara ta rufe kusan kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa. Ta lulluɓe kusan dukkan Kanada da arewacin Amurka da Sikandinebiya da mafi yawan Birtaniya, a wasu wuraren kaurinta ya kai kilomita 3. Ruwan da ta riƙe ya sa teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120. Wannan zamani ya ƙare shekaru 11,700 da suka wuce. A lissafinmu da nisa, a lissafin duwatsu kuwa jiya ne da yamma. Ka riƙe wannan magana: ruwan sama da koguna ba su sami lokacin gyara abin da ƙanƙara ta bari ba. Shi ya sa ruwa a can bai gama nemo hanyarsa ba. Yana tsaye a dubban tafkuna da fadamu, ko kuma yana faɗowa daga bakin dutse.

Aiki biyu ƙanƙara take yi. A cikin duwatsu tana sassaƙa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuma, inda ƙarfinta ya ƙare, tana sauke kayan da ta kwaso. Tafiyar da kowanne ke haifarwa daban ce.

Ɗauki sassaƙa tukuna. Ƙanƙara ita kaɗai ba ta kai dutse tauri ba, amma tana daskarewa cikin tsagar dutse ta ɓamɓaro gutsattsari, ta riƙe su a ƙarƙashinta, ta zama ƙaton magagari da ke gurzar ƙasa dare da rana shekaru dubbai. Kogin ruwa gindin kwari kawai yake ci, shi ya sa kwarinsa ke tsukewa a ƙasa kamar harafin V. Ƙanƙara kuwa cika kwarin take yi, ta ci gindi ta ci gefe, ta bar shi da faffaɗan ciki da bangaye a tsaye kamar harafin U. Dubi hoton Lapporten da ke kusa da Abisko a arewacin Suwidin, ko Glencoe a Sikotilan, za ka ga abin da nake nufi.

Muddin kana bin tsawon irin wannan kwari, ƙafarka a sake take. Wahalar tana jira ne a wurare uku, kuma duk ukun ana ganinsu a taswira tun daga gida, inda layukan tsayi suka matsu da juna. Ƙanƙarar babban kwari ta fi ta ƙananan da ke gefensa nauyi, don haka ta haƙa ƙasa ta bar su a rataye can sama, ruwansu yana zubowa daga bakinsu. Duk sa'ad da hanya ta bar babban kwari za ta shiga na gefe, ka sa ran hawa mai miƙewa gefen faɗuwar ruwa kafin ka fito fili. Sannan gindin kwarin kansa mataki-mataki yake hawa kamar bene: ka bi gefen tafki a shimfiɗe, ka hau bango, ka sake iske wani tafkin, sun jeru kamar 'ya'yan carbi. A hanyar John Muir ta Kalifoniya akwai irin wannan mataki kafin a kai tafkunan Palisade, ana ce masa Golden Staircase, kuma gwiwar duk wanda ya bi shi tana tuna shi. Na ukun shi ne can kan kwarin, mahaifar ƙanƙarar: rami ne kamar ƙwarya, bango ya zagaye shi ta ɓangare uku, mashigin da za ka tsallaka kuma yana saman bangon. Wato hawa mafi tsanani yana zuwa ne a ƙarshe, bayan ka riga ka gaji, kuma a nan dusar ƙanƙara take daɗewa har cikin watan Yuli. Iskar wurin tas take, sai ka ga mashigin kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka tsara kwanakinka yadda za ka kwana a gindin bangon, ka hau shi da sassafe da sabon ƙarfi. A duwatsun Sierra Nevada na Kalifoniya, inda hanyar John Muir take bi, wannan ya zama dole ma, saboda hadari da tsawa sukan taso bayan azahar, kuma saman mashigi ba wurin tsayawa ba ne idan ana walƙiya.

Za ka riƙa cin karo da falalen dutse da ƙanƙara ta goge har yana sheƙi. A bushe yana da daɗin taku, a jiƙe kuwa santsinsa ya isa ya karya mutum. Ka sunkuya ka duba, za ka ga dogayen ƙarce a jikinsa duk sun nufi waje guda. Sawun ƙanƙarar ke nan. Idan ka ga dunƙulen dutse mai gefe ɗaya sumul a kwance, ɗaya gefen kuma a farfashe a tsaye, to daga gefen sumul ta taso, ta hau tana gogewa, ta sauka tana ɓamɓara.

Abin da nake so game da wannan ilimi shi ne matafiyin ƙafa ne ya riga malamai ganinsa. A shekarar 1815 wani maharbi mai suna Jean-Pierre Perraudin, mutumin kwarin Bagnes a Suwizalan, ya gaya wa masani Jean de Charpentier cewa ƙarcen da ke jikin duwatsu da manyan duwatsun da ke zube inda ba mahaifarsu ba sun nuna ƙanƙara ta taɓa cika kwarin har zuwa Martigny. Masanin bai yarda ba a lokacin. Sai a 1837 Louis Agassiz ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel ya yi bayanin zamanin ƙanƙara. Charles Darwin kansa ya je Glen Roy a Sikotilan a 1838, ya ga layuka uku a miƙe a jikin tsaunuka, a tsayin mita 260 da 325 da 350, ya ce tsohon bakin teku ne. Daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure: bakin tafki ne da ƙanƙara ta datse, kowane layi yana nuna inda ruwan ya taɓa tsayawa. Glen Roy ba shi da nisa da Fort William, inda ɗaya daga cikin hanyoyin da zan ba ka shawara take ƙarewa, kuma ya cancanci ka ba shi yini guda.

To, sai ƙasar da aka sauke wa kaya. Babu inda ake koyon wannan kamar jihar Wiskonsin a Amurka, inda hanyar Ice Age Trail take bin iyakar da ƙanƙarar ƙarshe ta tsaya, nisan kusan kilomita 1,900, daga gandun Interstate a bakin kogin St. Croix a yamma zuwa gandun Potawatomi kusa da Sturgeon Bay a gabas. Wani lauya ɗan Milwaukee, Ray Zillmer, shi ya kafa ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin a 1958, majalisar dokokin Amurka kuma ta sa ta cikin manyan hanyoyin ƙasa a 1980. Alamarta rawayan fenti ne a jikin itatuwa. Babu inda ta kai tsayin mita 600, shi ya sa mutane ke raina ta, kuma shi ya sa take ba su mamaki.

A bakin ƙanƙara, inda narkewa ta yi daidai da turowa, duk abin da ta ɗauko tana zubar da shi wuri guda: yumɓu da yashi da tsakuwa da manyan duwatsu a cakuɗe, ba tsari. Wannan juji shi masana ke kira moren. Tafiya a kansa hawa da sauka ce da ba ta ƙarewa, mita 10 sama, mita 15 ƙasa, sau ɗari a yini, kuma taswira ba ta nuna rabinsu ba. Inda wani ƙaton gutsuren ƙanƙara ya ɓalle tarkace ya binne shi, da ya narke sai ƙasa ta rufta ta bar rami kamar tukunya, wani a bushe, wani cike da ruwa. Yankin Kettle Moraine, wanda ya samu a tsakanin harsunan ƙanƙara biyu, na Green Bay da na tafkin Mishigan, cike yake da su. A cikin kurmi duk ramukan kama ɗaya suke yi, rafi kuma ba ya nuna maka gabas balle yamma, don haka a nan ɓata ta fi sauƙi fiye da cikin manyan duwatsu, inda bangon kwari ke riƙe da kai. Kada ka dogara da waya kaɗai. Taswirar takarda da kamfas ba sa mutuwa don sanyi ya shanye batir.

Abokin matafiyi a irin wannan ƙasa shi ne eska. Kogi ne da ya taɓa gudu a cikin rami ƙarƙashin ƙanƙara, ya cika ramin da yashi da tsakuwa, da ƙanƙarar ta narke sai gadon kogin ya tsaya a sama, dogon tudu siriri mai lanƙwasa kamar maciji. Ruwa ba ya kwanciya a kansa, don haka kana tafe a busasshiyar ƙasa fadama tana dama da hagunka. Eskar Parnell da ta Mondeaux duk hanyar tana ratsa yankinsu. Akwai kuma diramlin, tudu mai siffar cokalin da aka kife, wanda gefensa da ke a tsaye shi ke fuskantar inda ƙanƙara ta fito, akasin dunƙulen dutsen da na faɗa ɗazu. Sai baƙon dutse, wanda za ka iske shi kaɗai a fili, launinsa da ƙirarsa ba irin na ƙasar da yake kai ba, an ɗauko shi daga nisan ɗaruruwan kilomita. A Devil's Lake za ka ga inda juji ya toshe wani tsohon kwazazzabo ta baki biyu ya mai da shi tafki, da bangayen dutse masu tsayin kusan mita 150 a kansa.

Gaskiya guda game da wannan hanya: ba a kammala ta ba. Wani babban kaso nata titin mota ne da ke haɗa yanki da yanki, kuma tafiya a kan kwalta da kaya a baya tana cin tafin ƙafa fiye da dutse. Akwai kaska mai ɗauke da cutar Laim, wadda Wiskonsin na cikin jihohin da ta fi yawa, dole ka duba jikinka kowane dare ka cire duk wadda ta kama. A watan Nuwamba kuma akwai kwana 9 na farautar barewa da bindiga, ana sa riga mai launin lemo mai haske, ana ma rufe wasu sassan. Hanya ce ta bi yanki-yanki, ba ta farawa da ita gaba ɗaya ba.

Yanzu ruwa, wanda a ganina shi ne rabin amsar tambayarka.

Rafin da ke fitowa daga dusar ƙanƙara ko daga kogin ƙanƙara mai rai rana yake bi, ba ruwan sama ba. Da asuba yana ƙasa saboda narkewa ta lafa cikin dare, daga la'asar zuwa almuru kuma ya cika ya batse. Wanda bai wuce idon sawu ba da ƙarfe 7 na safe yana iya kai maka cinya da ƙarfe 4 na yamma, ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Sau da yawa ruwan fari ne kamar madara saboda garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa, ba ka ganin gindinsa. Wannan garin ne, in ya shiga tafki, yake ba shi launin shuɗi-kore da kake gani a hotuna. Kafin ka shiga ka kasa kunne. In ka ji duwatsu suna gwaruwa a ƙarƙashi, ruwan da ke mirgina dutse ba zai ji nauyinka ba. Nemi inda rafin ya yi faɗi ya rarrabu, kada ka ruɗu da inda ya tsuke, don can ne zurfi da ƙarfi suke. Dubi abin da ke ƙasa da kai: in faɗuwar ruwa ce ko itacen da ya faɗi ya gitta, canja wuri. Kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji yadda za ka iya yar da ita nan take. Kada ka shiga ba takalmi, sanyin ruwan yana kashe jin ƙafa cikin ɗan lokaci, ka yanke ba ka sani ba. Fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara da sanda, ka riƙa matsawa gefe, abu ɗaya kake ɗagawa a lokaci guda. In ya wuce gwiwa kuma yana gudu, koma. A shekarar 2017, bayan dusar ƙanƙara ta zuba da yawa a Sierra Nevada, matafiya biyu sun rasu a wajen tsallaka rafi a watan Yuli. Ni kaina na taɓa kwana a bakin wani rafi a arewacin Suwidin, saura ɗan kaɗan in kai masauki, saboda da yamma ya fi ƙarfina. Da gari ya waye na tsallaka shi bai kai gwiwata ba. Wannan dare shi ne shawara mafi kyau da na yanke a duk tafiyar.

Ruwan sha ma da dabararsa. Farin ruwan nan yana toshe matacin ruwa da wuri, sai ka bar shi ya kwanta a tukunya ka tsiyaye na sama, ko ka nemi ƙaramin rafi garai da ke gangarowa daga gefe. Ruwan ramin tukunya a tsaye yake, kuma inda dabbar biba ke datse rafuka akwai ƙwayar jiyadiya mai sa gudawa ta makonni. Ka tace ko ka tafasa, minti 1 ya isa, in ka haura mita 2,000 kuma minti 3. Rafin da ya ratso gonaki ka bar shi, mataci ba ya cire taki da maganin feshi. Abin mamaki kuma, a filayen yashin da ruwan narkewa ya shimfiɗa gaban juji, kana iya yin rabin yini ba ka ga ruwa ba, duk ya nutse ƙasa.

Sanyin da ke kashe matafiya a waɗannan wurare ba na tsakiyar hunturu ba ne. Na ranar da ma'auni ke nuna digiri 5 zuwa 10 ne, ana yayyafi, iska tana kaɗawa, mutum ya jiƙe ya gaji bai ci abinci ba. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Da zafin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, sai kakkarwa, sai tuntuɓe, hannu ya kasa zuge zif, magana ta fara sarƙewa, kuma mai abin shi ne na ƙarshen ganewa. In ka ga haka ga abokin tafiyarka, ku tsaya nan take, ku fake daga iska, a canja masa jiƙaƙƙun kaya, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Auduga ba ta da wuri a jakarka, in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi kuma ba ta bushewa. Ulu ko zaren roba a jiki, abin ɗumi a kai, rigar ruwa da wandonta a waje. Ka ware kaya cikakku guda a cikin leda waɗanda ba ka sa su sai a cikin tanti, ko da kuwa da safe za ka mayar da jiƙaƙƙun jiya. Ka kuma lissafa cewa kowace mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kuma da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a gindin kwari, don haka ɗan tudu gefen kwari ya fi bakin tafki daɗin kwana.

Ƙafa za ta jiƙe, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Abin da ke hannunka shi ne ta bushe da dare. Wanke ta, goge ta, shafa mata mai, sa busasshiyar safa. Da ka ji wani wuri yana zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo. Takalmi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi makonni kana yawo da shi, da jakarka a baya, da nauyin da za ka ɗauka, wanda bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka ba. Ka nemi hawa da gangara ka yi atisaye a kansu, gangara musamman, ita ke kashe gwiwa.

Wajen lissafin lokaci, akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa 1 ga kowace kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Kilomita 18 da hawan mita 900 ke nan sun haura awa 5 kaɗan. Wannan na mai ƙarfi ne a hanya mai kyau ba hutu. Da kaya a baya ka ƙara kashi ɗaya cikin uku. A fadama ko a filin manyan duwatsun da suka zubo daga bango, inda kake tsalle daga wannan zuwa wancan, kilomita 1 ko 2 a awa ba abin kunya ba ne. Kwana uku na farko ka tsaya a kilomita 15 a rana.

Wace hanya, to? Ba zan tura ka hanyar John Muir da farko ba, duk da kyanta. Kilomita 340 ce daga kwarin Yosemite zuwa ƙololuwar Whitney mai tsayin mita 4,421, yawancinta sama da mita 2,400 inda iska ke da ƙaranci, takardar izininta sai an yi ƙuri'a, abinci kuma sai a cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa. Zagayen Mont Blanc, kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, yana da masaukai masu kyau, amma jimillar hawansa kusan mita 10,000 ce. Ajiye su sai karo na biyu.

Biyu nake ba ka. Ta farko West Highland Way a Sikotilan, kilomita 154 daga Milngavie zuwa Fort William, an buɗe ta a 1980, mutane kan gama ta cikin kwana 6 zuwa 8. Akwai ƙauyuka a hanya, in wani abu ya faru kana da mafita. Za ta koya maka darasin da na fara da shi: gaɓar tafkin Lomond ta gabas, wajen Inversnaid, a taswira a kwance take, amma saiwoyi da duwatsu sun sa ta fi ko'ina cin lokaci. Daga nan ka ratsa Rannoch Moor, fadama mai faɗin kusan murabba'in kilomita 130, wadda a sanyin ƙarshe, tsakanin shekaru 12,900 da 11,700 da suka wuce, ita ce cibiyar da ƙanƙara ke taruwa tana malala ta kowace fuska. Inda hanyar ta fi tsayi, Devil's Staircase, mita 550 ne kawai.

Ta biyu, wadda raina ya fi so, ita ce arewacin Kungsleden a Suwidin. Dukkan hanyar ta haura kilomita 400 daga Abisko zuwa Hemavan, amma yankin Abisko zuwa Nikkaluokta, kusan kilomita 105, mako guda ya ishe shi. Ƙungiyar yawon buɗe ido ta Suwidin, STF, tana da ɗakunan kwana kowace kilomita 10 zuwa 20, an shimfiɗa katako a kan fadamu, an yi gadoji a kan manyan rafuka. Kana tafe a cikin kwari mai siffar U kwana da kwanaki, ka hau mashigin Tjäktja mai tsayin mita 1,150, ka leƙa kwarin da ke gabanka a miƙe har inda ido ya tsaya. Ƙasar kiwo ce ta mutanen Sami, 'yan asalin yankin, in ka ga garken barewarsu ka tsaya ka ba su hanya, kada ka kore su. In ka zarce kudu akwai tafkunan da ake tsallakawa da kwale-kwale, da dokarsu: dole a bar ɗaya a kowace gaɓa. Ka iske ɗaya tak a gefenka, sai ka tuƙa ka je, ka janyo wani ka dawo da shi, ka sake komawa, sau uku ke nan. Tsakanin Kvikkjokk da Ammarnäs kuwa babu ɗakunan STF, sai mai tanti da ya san kansa.

Kusa da wannan hanya akwai ƙanƙara mai rai a kan Kebnekaise, dutse mafi tsayi a Suwidin, wanda ƙololuwarsa ta kudu ta narke har ta arewa ta fi ta tsayi a 2019. Ka kalle ta daga nesa. Hawa kan kogin ƙanƙara sana'a ce daban, da igiya da jagora, domin dusar ƙanƙara tana rufe bakin tsaga mai zurfin gaske. Bakinsa ma ba wurin zama ba ne, jujin da ya bari kwanan nan bai daddage ba, yana zamewa ƙarƙashin ƙafa. A ranar 3 ga Yuli, 2022, wani ɓangaren ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11 a kan hanyar da aka saba bi. Ƙanƙarar Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmanta a shekarun 2022 da 2023 kaɗai. Tsohuwar taswira tana iya nuna maka ƙanƙara inda yanzu tafki ne ko zubabbun duwatsu, don haka ka sayi sabuwa, ka kuma tambayi mai kula da masauki halin da hanya ke ciki kowace safiya.

Sauran magana ta watan da za ka yi tafiyar ce. In hutunka ya faɗo a Mayu, tafi Sikotilan, kafin ƙananan ƙudajen nan masu cizo su fito daga Yuni zuwa Agusta. In kuwa ƙarshen Agusta ne zuwa farkon Satumba, tafi Abisko: sauron Yuli ya ragu, rafuka sun janye, ganyen itatuwa ya fara zama rawaya. Sai dai dare ya fara dawowa da sanyinsa, ɗakunan kwana kuma ana rufe su a cikin Satumba, don haka ka tabbatar da ranar rufewa kafin ka sayi tikiti, ka kuma bar wa wani na gida tsarin tafiyarka da ranar da zai ji daga gare ka.